Waiwaye: Wa Zai Kama Hannun Sabon Shiga?

A shekarar 1995 aka aza harsashin hanyoyi biyu na rubuta bayani a kan manhajar kwamfuta, kuma har yau a tsakaninsu ake ta kai da komowa. A watan Maris na shekarar, wani mai tsara manhaja a birnin Portland na Amurka, Ward Cunningham, ya buɗe wani shafi a intanet wanda duk wanda ya shiga zai iya gyara rubutun da ya tarar, ya ƙara nasa, ya goge na wani, ba tare da neman izinin kowa ba. Wannan shi ne wiki na farko. A cikin wannan shekarar dai, masu aikin manhajar FreeBSD suna harhaɗa littafin jagorarsu babi bayan babi, tun daga yadda ake girka manhajar a kan kwamfuta har zuwa yadda ake haɗa ta da wasu. Littafin nan yana da masu kula da shi, kuma babu abin da ke shiga cikinsa sai da yardarsu.

Kimanin shekara talatin ke nan. Wanda ya bi labarin tun daga farko ya ga lokacin da aka ɗauka wiki zai kawo ƙarshen matsalar rubutun jagora, ya kuma ga lokacin da manyan ayyuka suka riƙa tattara kayansu suna ficewa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake so mu duba shi ne halin da mutum ɗaya yake ciki a tsakiyar wannan tirka-tirka, wato sabon shiga, wanda jiya-jiya ya sauke Linux ko LibreOffice ko Blender, yau kuma ya zauna gaban allo bai san ta inda zai faro ba.

Sai an fahimci halinsa za a gane nauyin maganar. Manhaja mai buɗaɗɗen tushe, irin waɗannan da ya sauke, ita ce wadda masu ita suka bar lambobin da aka gina ta da su a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya raba wa wanda yake so. Galibi kyauta ake samunta. To amma wanda ya samu abu kyauta ba shi da shagon da zai koma ya ce abin da aka sayar masa ya ƙi aiki, ba shi da lambar da zai kira. Rubutun da aka tanadar shi ne malaminsa, shi ne kanikansa. Idan rubutun ya yi kyau, ya zauna. Idan ya rikita shi, sai ya goge manhajar ya koma inda ya fito, ya kuma riƙa gaya wa abokansa cewa abin nan wahala ce kawai. Mutane da yawa da suka guje wa Linux ba manhajar ce ta kore su ba, shafi ne guda da ya kai su ya baro.

Kafin zamanin wiki, abin da masu Linux suka dogara da shi shi ne aikin da Matt Welsh ya fara a 1992, wanda ya tara gajerun takardu da ake kira HOWTO. Kowace takarda da marubucinta, da sunansa a sama, da ranar da ya yi mata gyaran ƙarshe. Wannan tsari yana da kyau matuƙar marubucin yana nan. Da zarar ya sami sabon aiki, ko ya yi aure, ko ya gaji, sai takardar ta tsaya cak a inda ya bar ta, manhajar kuwa ta ci gaba da tafiya. Saboda haka da Wikipedia ta bayyana a Janairun 2001 aka ga yadda dubban mutanen da ba su san juna ba suke gina kundi guda, sai kowa ya ce ga magani. Me ya sa za a jira mutum ɗaya? A buɗe ƙofa, duk wanda ya ga kuskure ya gyara. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Debian ta buɗe nata, Ubuntu da ta fito a Oktoban 2004 ta buɗe nata, WordPress ta kafa Codex, Mozilla ta kafa kundin masu gina shafukan intanet a 2005 a bisa wannan tsari, Blender ma ta zuba littafin jagorarta a ciki.

A shekarun farko kuwa abin ya yi armashi ƙwarai. Shafuka suka yi ta yaɗuwa. Wanda ya sha fama da wata na'urar buga takardu har ya shawo kanta, sai ya zo ya rubuta yadda ya yi, wani a wata nahiya ya amfana. Wannan alheri ne na gaske, ba na raina shi.

Matsalar ta ɓullo ne a hankali, kuma ta fi fitowa fili a ƙananan abubuwa. Mu ɗauki ɗalibin da aka ba shi wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin kwamfutocin makarantarsu, aka ce ya mayar da ita saba, wato wadda sauran za su riƙa ɗaukar fayiloli daga wurinta. Ya girka Ubuntu 20.04 irin ta saba, wadda ba ta da hotuna, baƙin allo ne kawai da wurin rubuta umarni. Abu na farko da yake bukata shi ne ya ba kwamfutar tsayayyen adireshi don sauran su riƙa samunta. Ya bincika a wayarsa, ya faɗa kan wani shafin wiki mai bayani dalla-dalla. Shafin ya ce ya rubuta ifconfig ya ga sunan katin sadarwarsa. Ya rubuta, kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarni ba, sai dai ya sauko da shi daga intanet, alhali haɗuwar da intanet ɗin ita ce yake ƙoƙarin daidaitawa. Ya tsallake. Shafin ya ce ya buɗe fayil ɗin /etc/network/interfaces ya rubuta layi huɗu ko biyar a ƙarƙashin sunan eth0. Ya duba, babu fayil ɗin. Sai ya ƙirƙira shi da kansa, ya kwafe layukan harafi da harafi, ya adana, ya kashe kwamfutar ya kunna. Shiru. Babu saƙon kuskure, babu canji. Ya sake dubawa ko ya tsallake wani ɗigo, ya sake kunnawa, har aka kira la'asar.

Abin da bai sani ba, kuma babu yadda za a yi ya sani, shi ne tun daga sigar 17.10 Ubuntu ta koma amfani da wani tsari mai suna Netplan, wanda fayilolinsa ke cikin /etc/netplan, da salon rubutu daban wanda ko tazarar farkon layi aka kuskure ba zai karɓa ba. Katin da shafin ke kira eth0 kuwa tuni aka daina sa masa wannan suna, yanzu sai ka ga wani abu kamar enp0s3. Duk abin da shafin ya faɗa gaskiya ne a ranar da aka rubuta shi. Wanda ya rubuta shi mutumin kirki ne da ya ba da lokacinsa kyauta. Masu manhajar ma ba su yi laifi ba da suka inganta kayansu, kuma sun sanar da canjin a takardun sigar. Amma yaron nan ya tashi daga gaban allo da yaƙinin cewa kansa ne ba ya ja, wannan kuwa shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk lamarin. Tsohon hannu da ya ga eth0 zai gane nan take cewa shafin ya kwana biyu, ya wuce. Sabon shiga ba shi da wannan idon. Ilimin da zai tantance shafi mai rai da mataccen shafi da shi, shi ne ilimin da ya zo nema.

Dalilin da ya sa irin waɗannan shafuka ke taruwa ba ɓoyayye ba ne. Rubuta sabon shafi akwai daɗi, mutum yana ganin aikin hannunsa. Goge shafin wani kuwa akwai nauyi: wa ya sani ko akwai mai amfani da tsohuwar siga da har yanzu yake bukatarsa? Saboda haka sai a bar shi, a ƙara layi a ƙasa cewa a sabuwar siga ga yadda ake yi, wani ya zo ya ƙara nasa cewa shi a wurinsa wannan bai yi ba sai da ya yi kaza. Bayan shekara biyar shafi guda ya ƙunshi hanyoyi huɗu na zamani huɗu, ba a bambance su ba. Ubuntu tana fitar da sabuwar siga duk wata shida, mai dogon zango kuma duk shekara biyu. A cikin shekara goma ta sauya fuskar allonta zuwa Unity a 2011, ta sauya tsarin tayar da kwamfuta zuwa systemd a 2015, ta bar Unity ta koma GNOME a 2017. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya mayar da shafuka masu yawa tarihi a dare ɗaya, injin bincike kuma bai daina kawo su a sahun gaba ba, domin su ne suka daɗe, su aka fi nunawa.

Akwai kuma wani haɗarin da ba a cika tunawa da shi ba sai ya auku. A tsakiyar shekarun 2000, wikin masu amfani da Gentoo yana cikin mafi daraja a duniyar Linux, har waɗanda ba Gentoo suke amfani da ita ba suna zuwa ɗibar ilimi. Amma ba na aikin Gentoo ba ne a hukumance, na masu sa kai ne. A 2008 aka rasa rumbun bayanansa, aikin shekaru ya salwanta, aka koma tsintar abin da ya saura a ma'ajiyar injunan bincike. Sai a 2011 Gentoo ta buɗe wiki nata na kanta. A farkon 2013 ma wani ya kutsa cikin wikin Python ta wata ɓaraka da ke manhajar MoinMoin ya share abin da ke ciki. Littafin jagorar Python na ainihi bai girgiza ba, domin yana ajiye tare da lambobin manhajar, kuma kwafinsa yana hannun mutane birjik a faɗin duniya.

Duk wanda ya san harkar zai ce, to ArchWiki fa? Tambaya ce mai kyau, kuma a nan ya kamata a dakata, domin ArchWiki shi ne babbar hujjar masu son wiki, kuma sun yi gaskiya da suke alfahari da shi. Judd Vinet ya fara Arch Linux a 2002, aka kafa wikinta a 2005, yau kuwa da wuya ka sami mai amfani da Linux, ko wace iri ce, da bai taɓa samun mafita a can ba. Shafukansa a tsabtace suke, a taƙaice, kuma galibi daidai da zamani.

Sai dai idan ka leƙa bayan labule za ka ga ba sakaka aka bar shi ba. Yana da rukunin masu kula da shi. Yana da ƙa'idojin salo masu tsauri, har da yadda ake rubuta umarni da yadda ake sa wa sashe suna. Ana bukatar duk wanda ya yi gyara ya faɗi dalilinsa a taƙaice, kada ya yi babban sauyi a tashi ɗaya, kuma idan zai sake fasalin shafi ya fara sanarwa a tattauna. Akwai tambarin da ake manna wa sashen da ya tsufa, da na wanda ake shakkar ingancinsa, kuma shafin da ya daina amfani ana kwashe shi a kai ma'ajiya. Shafin girka manhajar ma ba kowa ke taɓa shi ba. Wato dai an sami mutanen da suka ɗauki aikin da kowa ke gudu, aikin sharewa. Sannan Arch tana da wata sa'a da sauran ba su da ita: ba ta da sigogi. Kullum sabuntawa take, kowa yana kan ta yau, don haka shafi ba ya bukatar ya yi wa zamani huɗu hidima. Abin da ya daina aiki sai a cire shi kawai.

Duk da haka ArchWiki ba don sabon shiga aka gina shi ba, kuma masu shi ba su ɓoye hakan ba. Da can suna da doguwar jagora ta musamman ga masu farawa, a 2016 suka haɗe ta da gajeriyar jagorar girkawa, saboda kula da takardu biyu masu magana a kan abu ɗaya ya zama ɗawainiya. Jagorar da ta rage za ta ce maka ka rarraba faifanka, ta nuna maka mahaɗin wani shafi. Ta ce ka zaɓi manhajar da za ta tayar da kwamfutar, ta nuna maka jerin zaɓuɓɓuka. Ga wanda ya san abin da yake so, wannan girmamawa ce. Ga wanda bai sani ba, kamar baƙo ne ya sauka a tasha da dare ya tambayi hanyar unguwa, mutum goma suka taso kowa ya kwatanta masa tasa, kuma dukkansu gaskiya suka faɗa. Abin da yake bukata a daren nan shi ne mutum ɗaya da zai ce masa biyo ni. Gobe da safe, idan ya huta ya ga gari, sauran hanyoyin tara za su yi masa amfani.

Wannan "biyo ni" shi ne abin da tsararren littafin jagora ke yi, kuma ban san inda aka yi shi da kyau kamar Django ba. Manhaja ce ta gina shafukan intanet da aka ƙirƙira a wani gidan jarida a garin Lawrence na jihar Kansas, aka sake ta ga jama'a a 2005. Wataƙila don a cikin 'yan jarida ta tashi, masu ita sun ɗauki rubutu da muhimmanci tun farko. Darasinsu na masu farawa abu guda yake sa ka gina, ƙaramin shafin jefa ƙuri'a, mataki bayan mataki. Ba ya tambayarka wane rumbun bayanai kake so. Ya zaɓa maka mafi sauƙi, ya ce sauran sai nan gaba. A kowane mataki yana gaya maka abin da ya kamata ka gani a allonka, don ka san ko kana kan hanya. Kowace siga tana da nata kwafin littafin, kuma idan ka faɗa kan na sigar da aka daina kula da ita, akwai gargaɗi a saman shafin. Mafi muhimmanci, a ƙa'idarsu wanda ya kawo sabon abu cikin manhajar sai ya haɗo da bayaninsa kafin a karɓa. Da haka rubutu da manhaja suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba a bar ɗaya a baya ba.

Daniele Procida, wanda ya daɗe a cikin jama'ar Django, shi ya fito da bayanin da ya warware mini wannan ƙulli. Ya ce abin da muke tarawa mu kira rubutun jagora iri huɗu ne masu aiki daban-daban: darasi ga mai koyo, matakan warware wata matsala ga wanda ya riga ya fara aiki, kundin dubawa mai jera kowane umarni da abin da yake yi, da kuma sharhi mai bayyana dalilin da ya sa aka gina abu yadda aka gina shi. Tsarin nasa ana kiransa Diátaxis, kuma kamfanin Canonical mai Ubuntu ya ɗauke shi don sake fasalin takardunsa. Idan ka auna wiki da wannan ma'auni sai ka ga inda ƙarfinsa yake. Ya ƙware a kashi na biyu, domin matsaloli ba su ƙirguwa kuma kowa da irin wadda ya ci karo da ita. Yana iya yin na uku idan an sa ido. Amma darasi ya fi ƙarfinsa, saboda darasi yana bukatar mutum ɗaya ko 'yan kaɗan da suka riƙe dukan tafiyar a kansu, suka san abin da mai karatu ya riga ya koya a babi na biyu, suka kuma yi ƙarfin halin ɓoye masa abin da bai kai gare shi ba tukuna. Taron jama'a ba ya iya ɓoye abu. Kowa na son ya ƙara abin da ya sani, kuma kowace ƙari gaskiya ce, amma dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai.

Saboda irin wannan ne aka ga ayyuka suna juyawa. Blender ta kwashe littafin masu amfani da ita daga wiki ta mayar da shi tsarin da ake bitar kowane gyara, kowace siga da nata. WordPress ta riƙa kwashe abin da ke Codex zuwa sababbin takardu da ke da masu kula. Gentoo ta bi tsaka-tsaki: ta kai littafin girkawarta cikin wiki, amma ta kulle shi, sai masu izini ke gyarawa, sauran shafuka kuwa a buɗe. Stack Overflow ta gwada gina kundin jagora na taron jama'a a 2016, ta rufe shi a 2017. Mafi girma a cikinsu shi ne MDN na Mozilla, wancan kundin masu gina shafukan intanet, wanda bayan shekara goma sha biyar yana wiki, a Disamban 2020 ya koma GitHub, inda duk gyaran da ka kawo sai wani ya duba ya amince kafin ya fito.

Ba zan ce wannan juyi bai zo da hasara ba. A wiki, malamar makaranta da ta ga kuskuren rubutu za ta danna maɓalli ta gyara cikin minti ɗaya. A sabon tsari sai ta buɗe asusu, ta fahimci yadda ake gabatar da gyara, ta jira mai bita, wanda shi ma ɗan sa kai ne mai nasa uzurin. Da yawa za su haƙura. Binciken da GitHub ta gudanar a 2017 ya nuna kashi 93 cikin ɗari na waɗanda suka amsa sun ci karo da rubutun jagora da bai cika ba ko ya tsufa, amma kashi 60 cikin ɗari na masu ba da gudummawa sun ce da wuya su taimaka wajen rubuta shi, ko ma ba su taɓa yi ba. Duk shingen da aka ƙara, waɗannan 'yan kaɗan ɗin da ke taimakawa ne za su ƙara raguwa. Sannan kula da littafi aiki ne mai cin lokaci, lokaci kuma kuɗi ne. A Agustan 2020 Mozilla ta sallami ma'aikata kusan 250, abin ya shafi marubutan MDN, har sai da wasu kamfanoni suka haɗa kuɗi aka kafa Open Web Docs a farkon 2021 don a ci gaba da biyan masu rubutu. Littafin da aka ce yana da masu kula, idan masu kular suka watse, ya fi wiki saurin mutuwa, domin ƙofarsa a kulle take.

Akwai kuma abin da tsararren littafi ba zai taɓa iya ɗauka ba, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Yawancin kwamfutocin da ɗalibanmu ke saya na hannu ne, waɗanda aka gama yayinsu a Turai da Amurka. Littafin jagora zai ce maka bayan girkawa ka haɗa da Wi-Fi, ya wuce. Ba zai tsaya ya yi bayanin wani tsohon katin Broadcom da ke cikin laftof ɗin da ka saya ba, wanda ba ya motsi sai an sa masa direba na musamman. Debian ta daɗe ba ta sa irin waɗannan fayiloli a faifan girkawarta na hukuma, sai bayan ƙuri'ar da membobinta suka kaɗa a 2022 aka fara haɗa su daga Debian 12 a 2023. A duk shekarun da suka gabaci haka, wanda ya ceci mai irin wannan laftof shi ne shafin wiki da wani mai irin na'urarsa ya rubuta. Haka abin yake a OpenStreetMap, taswirar da masu sa kai ke zanawa, wadda aka yi amfani da ita wajen zana garuruwa da ƙauyukan arewacin Najeriya. Alamomin da ake sa wa hanya ko rijiya ko asibiti jama'a ne ke yarjejeniya a kansu, suna kuma sauyawa, don haka wiki ne gidansu na gaskiya. Amma ko a can, mai farawa ba da wannan kundin ake tarbarsa ba. An tanadi LearnOSM da darasin da ke cikin manhajar zanen kanta, su fara nuna masa yadda ake zana gini ɗaya.

Don haka idan matashi ya tambaye ni ta ina zai fara, ba na ce masa ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Ina ce masa ya fara sanin lambar sigar da ya girka, ya rubuta ta a takarda ya ajiye kusa da shi. Ya nemi littafin da masu manhajar suka fitar don wannan sigar, ya bi darasin farko daga bango zuwa bango, ko da ya ga kamar ya san wani sashe, kada ya yi tsalle. Yawancin waɗannan littattafai ana iya sauke su gaba ɗaya, na FreeBSD da na LibreOffice da na Python duk haka ne, wanda ke nufin sau ɗaya zai kashe data, kuma ranar da sabis ya ɗauke karatunsa ba zai tsaya ba. Sai ranar da ya ci karo da matsalar da zai iya faɗin sunanta, katin sauti kaza ya ƙi aiki a siga kaza, sannan ya nufi wiki. Idan ya je, kafin ya karanta jikin shafin ya fara danna tarihinsa ya ga yaushe aka taɓa shi, ya duba ko an ambaci sigar da ta yi daidai da tasa. Umarnin da ya fara da sudo kuwa, wanda ke ba da ikon taɓa ko'ina a cikin kwamfutar, kada ya kwafa ya liƙa sai ya duba abin da kowace kalma a ciki take yi. Idan kuma ya warware matsalarsa ya ga shafin ya tsufa, ya koma ya gyara, ko aƙalla ya sa alamar cewa wannan bayani ya daina aiki daga siga kaza. Layi ɗaya irin wannan da ya fanshi yinin ɗalibin da muka ambata.

Ga masu ƙoƙarin kawo waɗannan manhajoji cikin harshen Hausa kuwa, wannan tarihi yana da abin da zai gaya musu tun kafin su zuba ƙarfinsu. Sha'awar farko ita ce a buɗe wiki a gayyaci kowa ya fassara abin da ya ga dama. Amma fassarar wiki bin abin da ba ya tsayawa ne: kafin ka gama shafi, na asalin ya sauya, kuma ko a ArchWiki shafukan wasu harsuna sukan kasance a bayan na Ingilishi, har akan manna musu sanarwar cewa fassarar ta tsufa. Mu da masu aikin ba su da yawa, ya fi mana mu ɗauki gajeren darasin farawa na siga mai dogon zango, wadda za a kula da ita shekara biyar, mu fassara shi da kyau, mu daidaita kalmominsa yadda abin da aka kira fayil a babi na ɗaya ba zai koma wani abu a babi na uku ba. A gwada shi a kan ɗalibai na gaske, a zauna a bayansu a ga inda suke tsayawa, a gyara wurin. A rubuta lambar sigar da shekarar a shafin farko da manyan baƙaƙe, tare da sunayen mutum biyu ko uku da suka ɗauki alkawarin sake duba shi idan sabuwar siga ta fito, da kuma sauke shi daga intanet idan sun ga ba za su iya ci gaba ba.